Iskar da Baba Ya Ɗura

Ranar Laraba

Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kana ci kana sha a can dajin da kake aiki. Ni lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan da ka sani, da kuma gidan da ya yi mini girma. Ya ƙarin haƙurinmu? Yau kwana ashirin da uku ke nan da rasuwar Baba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na ga kiranka har sau huɗu, ban ɗauka ba. Kada ka sake wahalar hawa tudun nan da ka ce sai a kansa ake samun sabis. In na ji muryarka kuka zan yi, in na gama kukan in zage ka, ka ga ba a yi komai ba ke nan. Tun da ƙarar injin iska ta cinye wa Baba kunne muka saba da takarda, to mu ci gaba da ita. Direban da ke kai muku kaya har yanzu yana tsayawa a tasha duk bayan mako biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san batir uku zafi ya kumbura wa Baba cikin shekara biyu. Farantan solar da ka sa masa suna kan rufi suna shan rana, amma da magariba ta yi sai shago ya koma duhu. Tun ranar da ka rubuto masa cewa a wurin aikinku ba a batir kuke ajiye ƙarfin rana ba, a iska kuke ajiyewa, mutumin nan bai sake zama ba. Ya ce, “Iska? Shekara arba'in ina facin taya ina sayar da iska, yanzu a ce sai an yi digiri kafin a san ta?” Ya kira mai gyaran wuta ya haɗa masa farantan da injin iska, rana tana yi, injin yana ɗura babban tankin nan na ƙuryar shago. Ya ciro tsohuwar bindigar kwance noti, wadda ke aiki da iska, ya haɗa ta da dainamo, ya ja waya zuwa ƙwan fitila ɗaya a saman bencinsa. In ya buɗe bawul, iska ta juya bindiga, bindiga ta juya dainamo. Wata shida yana fama da abin nan, 'yan layi suna yi masa dariya.

Wata ranar Talata ya leƙo ɗakin ɗinkina yana haki, ya ce, “Ya kama! Taso ki gani!” Ni kuwa ina da kayan mutane a gabana, na ce, “Baba, anjima.” Har yau ban ga ƙwan nan a kunne ba, Auta. Kwana biyar bayan haka ciwon ya kwantar da shi.

Ranar ƙarshe da ƙafarsa ta ɗauke shi, ya sa na riƙe shi muka shiga shago da hantsi. Ya kunna injin, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallon geji har allura ta hau kan goma. Ya rufe bawul da hannunsa, ya yanko robar tib ya naɗe shi tam. Ya ce, “Wannan ta Injiniya ce. Kada kowa ya taɓa sai ya zo ya buɗe da kansa, ya ga ko ubansa ya iya.” Ka san ko a gaban likita da sunan nan yake kiranka.

To iskar tana nan. Na rufe shagon, na mayar da keken ɗinkina ciki kusa da tankin, a nan nake wuni. Abin da ke damuna shi ne allurar ba ta tsaya ba. Yau da safe tana kan tara da rabi. Ban ce ka bar aikinka ba, amma ka faɗa mini ranar da za ka zo.

Ni ce,
Yayarka.

*

Ranar Lahadi

Yaya,

Amin sallamarki. Na gode Allah da na ji kina lafiya, kuma don Allah ki riƙa miƙe bayan nan, kada keke ya tanƙwara ki tun yanzu. Ni ma lafiya ƙalau. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ke kika yi jinya, ke kika tsaya aka rufe shi, ni kuwa sai bayan kwana biyu na hau tudu saƙonki ya shigo. Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Na karanta takardarki sau uku. Na yi dariya a wurin digiri, domin har muryarsa na ji. Kin tuna da yake gabatar da ni ga direbobi, ya ce shi mai iska ne, ni kuma a ƙiyasta abin da na zama? Daga dariyar ban san lokacin da hawaye ya zo ba.

Bari in gaya miki halin da muke ciki, don kada ki ɗauka ganin dama ne. A ƙarƙashin ƙafarmu akwai wani kogo da aka ƙwaƙule cikin gishiri, wanda zai haɗiye unguwarmu da tasha bai ji ya ƙoshi ba. A sama kuma farantan sola ne iya ganinki. Da rana wutarsu tana juya manyan injuna su danna iska cikin kogon. In rana ta faɗi a saki iskar, ta juya wasu injunan, wuta ta tafi garuruwa. Wasu wuraren ruwa suke turawa kan tsauni su sako shi da yamma, wasu yashi suke gasawa su ajiye zafinsa, mu namu iska ce. Amfanin abin shi ne kogo ba ya kumbura kamar batir, ba ya mutuwa bayan shekara biyu.

Yanzu muke ɗurin farko, kuma sannu a hankali ake yi, ana auna bango kullum. Ni ne a kan awon. An ce ba mai motsawa sai an gama, wato nan da wata huɗu. Da an gama zan taho, ko jaka ba zan tsaya haɗawa ba.

Maganar allura kuwa, kada ki sa ta a ranki har ta hana ki cin abinci. Duk tanki yana ɗan tsiyaya, balle tsoho irin na Baba. Iska dai iska ce, Yaya. In ta ƙare rana tana nan, farantai suna nan, sai mu sake ɗurawa mu kunna ƙwan tare.

Ki gaishe da Mai Walda da sauran maƙwabta da suka tsaya mana.

Ƙanenki,
Auta.

*

Ranar Juma'a

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ina lafiya. Bayan ya yi sauƙi, zuciyar ce dai takardarka ta tayar.

Iska dai iska ce? Sannu Injiniya. To in haka ne riga ma riga ce, me ya sa ka ce in ajiye maka shuɗiyar rigar aikinsa, wadda duk baƙin mai ya cinye? Wadda za mu ɗura in ka zo, ni da kai za mu ɗura. Wannan shi ya ɗura. Da hannunsa ya rufe ta, yana numfashi da ƙyar. Ba ni da wani abu a gidan nan da ya bari yana jiran wani, sai ita.

Tunda ka taɓo ni, bari in faɗa maka abin da na yi niyyar haɗiyewa. Da nake gyara akwatin kayan aikinsa na sami takardarka ta watannin baya, an ninke ta har ta fara yagewa. Ka tuna abin da ka rubuta? “Baba, ka daina wahalar da kanka, tankinka ko ruwan shayi ba zai tafasa ba.” Bai taɓa nuna mini ita ba. Sai yanzu na gane dalilin da ya yi kwana uku ba ya magana a lokacin, ni kuma ina ta yi masa faɗan kunne.

Bayan wannan ya rubuto maka sau biyu da tambaya ɗaya. Ya ce in ya saki iska, farar ƙanƙara takan kwanta a bakin bututu, alhali shago kamar tanda. 'Yan layi suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Ya ce bari ya tambayi ɗansa, shi zai san dalili. Duk bayan mako biyu yakan hau kekensa, keken nan da ya riƙa kai ka makaranta a kai, ya tafi tasha ya jira direba. Ya dawo ya jingine shi a bango ya ce, “Aiki ya yi masa yawa.” Takardunka sun zo, ban ce ba su zo ba. Ka tambayi hawan jininsa, ka tambayi magani, amma ko layi ɗaya ba ka ba ƙanƙarar nan ba.

Shi ke nan, na faɗa, na huta. Yanzu ga labarin tanki, kuma ka kwantar da hankalinka, domin 'yar mai faci ba ta rasa dabara. Kafin a haife ka ni ce ɗan Baba a shagon nan. Da allura ta sauko kan takwas na kaɗa ruwan sabulu na bi kowace mahaɗa, kamar yadda muke neman huji a tib. Bawul lafiya, tiyo lafiya, geji lafiya. Sai da na kwanta a ƙasa na shafa gindin tankin, can kusa da ƙafarsa, sannan na ga kumfa tana fitowa ƙanana-ƙanana. Wurin ya yi ja da tsatsa, yana kuma ɗan naso. Na kankare shi da fayil, na shafa sholisho, na manna faci mai kauri, na ɗaure da waya. Ya rage, amma bai tsaya ba. Yau tana kan bakwai da rabi.

Ka tuna ƙaramin famfon nan na gindin tanki da Baba ke buɗewa kullum da safe, ruwa ya fito yana tsartuwa, ya ce tanki ma sai ya kama ruwa kafin ya fara aiki? Ban taɓa shi ba, domin duk buɗewa da iska take fita. Shi ma a makonnin ƙarshe bai iya sunkuyawa ba.

Mai Walda ya yi tafiya, amma matarsa ta ce zai dawo ƙarshen wata. Da ya dawo zan sa ya ɗiga wa hujin nan ƙarfe, a huta. Zan riƙe maka iskar nan wata huɗun, ko ka so ko ka ƙi.

Yayarka.

*

Ranar Talata

Yaya,

Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, direba yana tsaye da mota a kunne. Ina lafiya.

Kada ki bari kowa ya kai wuta jikin tankin nan. Kada Mai Walda, kada kowa. Kada ki sake kankare shi, kada ki buga shi, kada ki sake kwanciya a ƙarƙashinsa. Ki ɗauke kekenki daga shagon yau ɗin nan.

Tanki ba tib ba ne. Tib in ya huje, sauran jikinsa lafiya yake, shi ya sa faci ke riƙe shi. Wannan daga ciki ya ruɓe. Duk iskar da aka danna tana zuwa da ruwa, ruwan ya kwanta a gindi ya ci ƙarfe, dalilin famfon nan na safe ke nan. Hujin da kika gani wurin da tsatsa ta fara ɓullowa ne kawai, kewayensa duk ya zama kamar ɓawon ƙwai. Kin taɓa ganin tayar tirela ta fashe a gaban shago, kin ga yadda ta yi da ƙofar mai shayi. Wannan ƙarfe ne, kuma kina wuni taku biyu daga shi.

Ki saki iskar. Duka. Ki kwance robar, ki buɗe bawul kaɗan, ki fita ki bar shi har allura ta kwanta. Ba shawara nake ba ki ba.

Na hau tudu jiya da yau, na kira ki sau goma sha ɗaya. Don girman Allah ki ɗauka, ko zagin ne ki yi.

Auta.

*

Ranar Asabar

Yaya,

Sallama. Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai san ko ana amsa masa ba. Jikina lafiya, amma abinci ba ya wucewa. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya ba mai sayar da tikiti takardata, ya kuma ce bai ji labarin wani abu ya faru a layinmu ba. Da wannan maganar tasa nake rayuwa, yau mako biyar ke nan da na rubuto miki. Wayarki a kashe. Yanzu na san abin da tsayuwa a jira direba take nufi.

Na sake karanta abin da na rubuto miki, na ga kamar da lebura nake magana. Tsoro ne, Yaya. Ke kaɗai kika rage mini. Amma na san ba sautin ne kawai ya ɓata miki ba, don haka bari in faɗi sauran gaskiyar.

Wata biyu kafin Baba ya kwanta an ba ni hutu. Ni na ce a ɗage. Na so ɗurin farko ya same ni a nan, in tsaya a gaban babban geji ranar da allura ta fara motsi. Na ce wa kaina Baba ƙarfe ne, zai jira. Ba wanda ya hana ni zuwa a lokacin, ni na hana kaina. Wannan karon na roƙa, har na ɗaga murya, aka ce ba wanda zai karɓi awon sai nan da wata biyu da rabi.

Takardar shayin nan kuwa, lissafina daidai ne, ni ne ban yi daidai ba. Na zauna na auna tankinsa da biro, na ga abin da zai bayar bai taka kara ya karya ba, na aika masa da sakamako kamar malamin da ke duba jarrabawa. Ban tsaya na ga cewa mutumin da bai gama firamare ba ya karanta layi biyu a takardata, ya gina da tarkacen shago abin da mu muke ginawa da injiniyoyi ɗari ba. Da tambayar ƙanƙara ta zo, kunya ce ta hana ni amsawa, domin ta nuna mini bai daina ba, kuma abin nasa yana aiki. Na ce sai na zo in yi masa bayani baki da baki.

Ga amsar, ko da ta zama ihu bayan hari. Baba, ba tsufa ba ne, idonka daidai ya gani. In an danna iska takan yi zafi, shi ya sa kan injinka ba ya taɓuwa da rana. Zafin nan yakan fice ta jikin tanki ya bi gari. In ka sake ta, tana buɗewa tana neman zafin da ta rasa, sai ta ƙwace na bututu, har damshin da ke wurin ya daskare. Mu a nan wannan ce babbar matsalarmu. Mun gina rumbu guda cike da tsakuwa don kawai mu kama zafin nan da rana, mu mayar wa iska da yamma. Ka gano da idonka abin da aka ɗauke ni aiki a kansa.

Yaya, na ce ki saki iskar, kuma har yanzu haka nake cewa, domin tankin nan ba zai jira ni ba. Amma kada ki zubar da ita a banza kamar yadda na rubuta cikin firgici. Ki sake ta ta hanyar da ya gina mata. Ki buɗe bawul ɗin da ke zuwa bindiga, ki koma bakin ƙofa, ki kalli ƙwan. Ya ce ni zan buɗe, na sani. Na saɓa masa yana raye, ki bari in saɓa masa wannan karon saboda ke. Ki gani mini, ki rubuto mini komai, kada ki rage ko kaɗan.

In kuma ba za ki sake rubuto mini ba, ki ba direba farar takarda kawai, in san kina nan.

Ƙanenki,
Auta.

*

Ranar Litinin

Auta,

Amin, ina amsawa. Ina nan da raina da lafiyata, ba abin da ya fashe sai zuciya. Ka ci abinci. Wayar ba kashe ta na yi ba, batirinta ne ya kumbura har ya ɗage murfi, ka ga gidanmu da batir ba a shiri.

Mai Walda ya riga takardarka zuwa. Ya durƙusa ya leƙa gindin tankin, ya ga facina, ya miƙe ya ja da baya har bakin titi. Ya ce, “'Yar mai gida, ni ina da 'ya'ya. Ko ubanki ne ya tashi ya ce in kai wuta nan, ba zan kai ba. Ki sake ta.” Na ce ya tafi da waldarsa, ba a rasa masu walda a gari ba. Kwana uku sai ga takardarka, kai ma da umarninka. Na ce wato kun haɗa baki. Keken ɗinkin dai na ɗauke, amma iskar na bar ta. Kullum da safe in leƙa ta taga in ga allura. Shida da rabi. Shida. Ina kallon abin yana tafiya kaɗan-kaɗan kamar yadda na kalli mai shi, kuma wannan ma ba abin da na iya.

Takardarka ta ƙarshe ta zo ranar Alhamis. Na karanta ta a tasha a tsaye. Da na dawo na shiga shago na tsaya daga ƙofa, na karanta amsar ƙanƙarar da ƙarfi, yadda muke yi masa magana saboda kunnensa. Mai shayi ya leƙo ya ɗauka faɗa nake da wani. Maganar hutun da ka ɗage ba zan ce ba ta yi mini ciwo ba. Na yi kwana biyu ina juya ta. Amma ni da nake bango ɗaya da shi, taku goma ya ce in yi, na ce anjima. Wa zan yi wa gori?

Jiya Lahadi na yi abin. Da hantsi ne, daidai lokacin da ya ɗura ta. Na rufe taga, na sakaya ƙofa don shago ya yi duhu. Robar da ya naɗe bawul da ita ta manne, ƙullin nasa ne, irin wanda ba ya kwantuwa. Ban yanke ba, da farce na bi shi har ya saki. Allura tana kan biyar da rabi. Na yi bisimilla na murɗa, na koma bakin ƙofa kamar yadda ka ce.

Da farko tsaki kawai na ji. Sai bindigar ta yi tari sau biyu, ta kama kuka, irin kukan nan da ya tashe mu daga barci duk yarintarmu. Ƙwan ya yi ja, ya yi ƙyaf-ƙyaf, na ce shi ke nan. Sai ya kama. Auta, ya kama. Fari tas, har ina ganin sifanu a jere jikin bango, da tabaransa a kan benci, da kofin da yake sa ƙananan bawul na tib. Ya saita ƙwan daidai inda hannunsa ke aiki. Na tsaya ina cewa, “Na gani, Baba, na gani,” kamar wata taɓaɓɓiya.

Ka ce kada in rage komai. Na saɓa maka, na matsa kusa sau ɗaya. Ƙanƙarar tana nan. Fara sol a bakin bututu, kamar an barbaɗa gishiri. Na taɓa ta da yatsa ta narke. Na so in fita in jawo 'yan layin nan ɗaya bayan ɗaya da kunne su zo su gani, amma ban iya barin hasken ba.

Minti goma sha tara ya yi, na duba agogo. Daga nan kukan ya fara ja baya, hasken ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja, ya ɗauke. Allura ta kwanta. Na zauna a kan tsohuwar tayar nan na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da aka fita da Baba, saboda mutane. Da na gama na buɗe ƙaramin famfon gindi. Ruwan da ya fito ya kusa cika bokiti, ja wur, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Gaskiyarku, kai da Mai Walda. Na je na ba shi haƙuri, gobe zai zo da mutane su fitar da tankin.

Saura abu ɗaya, kuma kada ka yi mini faɗa. Kafin in buɗe wa bindiga, na jawo keken Baba daga jikin bango. Tayoyin duk sun kwanta. Na cire tib ɗin biyu na duba su a ruwa, na baya yana da huji ɗaya, na yi masa faci, wannan karon a inda faci ke aiki. Na mayar, na sa dogon tiyo, na ɗura su daga tankin har suka yi tauri. Wataƙila na rage wa ƙwan rabin minti. Iskar da ke cikinsu ba za ta kunna maka fitila ba, amma tasa ce, kuma za ta ɗauke ka daga nan zuwa inda yake kwance, ka faɗa masa maganar ƙanƙarar da bakinka.

Na rataye keken a ƙusa don kada nauyi ya danne tayoyin. Kai ne injiniya, kai ka san tsawon lokacin da tayar keke ke riƙe iska, ni ba zan sake tambayarka rana ba. Kullum da safe ina matsa su da yatsa. Ta gaba tana nan daram. Ta baya ta fara ɗan sassautawa.

Ni ce,
Yayarka.